Daga Mashin Kel Geres Zuwa Igwar Lantarki

A shekarar 1901, lokacin da Faransawa ke neman kafa ikonsu a ƙasar Adar, mayaƙan Kel Geres sun tare su a Zangebe, sannan a Galma da ke yankin Madawa. Abzinawan sun fito da abin da suka gada: raƙuma da dawakai, takobi da mashi, da garkuwar fata wadda ta saba tare kibiya. Ba rashin zuciya ne ya ka da su ba. Kibiyar gwanin maharbi da wuya ta wuce mita 60 a sakan ɗaya, alhali bindigogin sojan Faransa na zamanin, irin su Gras da Lebel, suna fitar da harsashi da gudun mita 450 zuwa sama da 600. Garkuwa da lifidi da sulke, duk ba don irin wannan gudu aka yi su ba.

Abin lura shi ne, harsashin nan ba ya fashewa. Ɗan guntun dalma ne, bai kai kan mashi nauyi ba. Ɓarnarsa duka daga gudunsa take, kuma a kan wannan ne masana suka gina rukunin makaman da ba sa ɗauke da nakiya, sai dai su daki abu da ƙarfin tafiyarsu kawai. Ƙa'idar ba ta da wuya. Idan ka ninka nauyin abu sau biyu, ƙarfin dukansa ya ninku sau biyu. Idan kuwa gudunsa ka ninka sau biyu, ƙarfin sau huɗu zai ninku. Ka ninka gudun sau goma, ƙarfin ya ninku sau ɗari. Shi ya sa maƙeran makamai suka fi damuwa da gudu a kan nauyi. Kilo ɗaya na ƙarfe, in ya kai gudun kilomita 3 a sakan, ƙarfin da ke tattare da shi ya kai na kilo ɗaya na nakiyar TNT. A irin wannan gudu, idan ƙarfe ya haɗu da ƙarfe taurinsu ba ya aiki, dukansu biyu malala suke yi.

Inda aka fi cin moriyar wannan ilimi a yau shi ne yaƙin tankoki. Harsashin da tanka ke harba wa 'yar uwarta siririn sanda ne mai tsini, mai fikafikai a gindi, wanda aka rungume da wani kwanso don ya cika bakin igwa. Da ya fito, kwanson ya tarwatse ya zube, sandan ya wuce shi kaɗai da gudun mita 1,500 zuwa 1,800 a sakan, wato kusan ninki biyar na gudun sauti. Duk ƙarfin ya taru a ɗan wurin da tsinin ya taɓa, sai ya ɓula sulken tankar ya shiga ciki da tartsatsin ƙarfe mai zafi. Da ƙarfen tangistin ake ƙera sandan, ko da ragowar yuraniyom, wato abin da ke saura bayan an tace wanda ake sa wa a tashoshin nukiliya. Wannan ragowa ta fi dalma nauyi da kusan kashi 70 cikin ɗari, kuma tana kama wuta idan ta daki ƙarfe. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 an harba kimanin tan 300 nata a Iraƙi da Kuwait, har yau kuma ana gardama kan illar ƙurarta ga lafiyar mazauna wuraren. Mu da muka saba jin labarin ma'adinin yuraniyom na Arlit da hanyar da ta ratsa Tawa dominsa, ya kamata mu san cewa ƙarfen nan ba wutar lantarki da bam kaɗai ake yi da shi ba.

Albarushi yana da iyaka. Iskar da ke tura harsashi ba ta iya wuce wani gudu, kome yawan garin da aka ɗura. Daga nan tunanin igwar lantarki ya samo asali: a shimfiɗa dogayen ƙarafa biyu a jere, a sa harsashi tsakaninsu, a sako wuta mai tsananin ƙarfi ta bi ɗaya, ta ratsa harsashin, ta dawo ta ɗayan. Maganaɗisun da wutar ta haifar shi ke fizgar harsashin ya fice. Sojan ruwan Amurka sun soma wannan aiki a 2005, kuma a Disamban 2010 suka yi harbin gwaji a Dahlgren mai ƙarfin megajul 33. Don mai karatu ya kwatanta: kamar tirela biyu ne maƙare da albasar Galmi, kowace tan 40, suna gudun kilomita 100 a awa, a tattara ƙarfinsu duka a cikin ƙarfen da mutum ɗaya zai iya ɗauka. Amma bayan an kashe kusan dala miliyan 500, sai aka jingine aikin a 2021. Ƙarafan igwar suna saurin cinyewa saboda zafi da gogayya, wutar da take sha kuma ba kowane jirgi ke iya samar da ita ba. Japan ba ta sare ba. A Oktoban 2023 ta sanar da harba tata daga jirgin ruwa mai suna Asuka. A ganina igwar nan har yanzu ta fi suna a jarida a kan aiki a fagen daga. Abin da Amurkawa suka tsira da shi shi ne harsashin da aka ƙera mata, wanda aka gano ana iya harba shi daga igwa ta albarushi, har ya kakkaɓo wani makamin gwaji a White Sands a 2020.

Haka nan makaman kariya irin su THAAD da SM-3, karo suke yi da makami mai linzami a sama su farfasa shi, ba tare da nakiya ba. Da irin wannan karo Sin ta tarwatsa wani tsohon tauraronta na hasashen yanayi a Janairun 2007, ta bar ɓaraguzai sama da 3,000 suna kewaya duniya, kowane ɗaya ya zama harsashi ga taurarin da muke dogara da su wajen sadarwa da sanin yanayin damina. Amurka ta yi nata a 2008, Indiya a 2019, Rasha a 2021.

To, mutumin Buza ko Keita ba igwar lantarki ke hana shi barci ba. Makamin da ya addabi Sahel shi ne Kalashnikov, shi ma kuwa ɗan wannan gida ne: harsashi mai nauyin giram 8, gudun mita 700 da 'yan kai. A Maris na 2021, 'yan bindiga a kan babura suka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya da ke arewacin jihar Tawa, bisa alƙaluman gwamnati.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su ɗauka da muhimmanci ba, wato harbin iska na murna ko na tarwatsa taro. Harsashin da aka harba sama ba ɓacewa yake yi ba. In an harba shi a miƙe, yana dawowa da gudun da ya isa ya huda fata, wani lokaci har ƙoƙon kai. In kuwa a karkace ne, abin ya fi muni, domin yana iya tafiyar sama da kilomita 2 da sauran ƙarfinsa, ya sauka a gidan da ba a ma ji ƙarar harbin ba. Duk wanda doka ta ba bindiga, soja ne ko jandarma ko ɗan sanda, don Allah ya daina harbin iska a cikin gari. Iyaye kuma, in kun ji ana harbi ko da daga nesa ne, ku shigar da yara ɗaki.