Wa Ya Kamata Ya Riƙe Mabuɗin Rumbun Bayanai?

A daren 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin manhaja na GitLab yana fama da gyaran kwafin rumbun bayanan kamfanin, wanda ya daina tafiya daidai da na asali. Ya ba da umarnin share kwafin don a sake cika shi, ashe a kan rumbun asali yake aiki. Kafin ya ankara, kusan gigabait 300 sun tafi. An yi asarar bayanan sa'o'i shida, ciki har da ayyuka kusan 5,000 da sababbin asusu kusan 700.

Kamfanonin manhaja sukan raba aikinsu gida uku: wurin ƙira, inda mai rubuta manhaja zai rushe ya sake ginawa yadda ya so, wurin gwaji, inda ake tantance aikin, sai rumbun da jama'a ke amfani da shi kai tsaye, mai ɗauke da kuɗinsu da sunayensu. A na farko a sakar wa ma'aikaci mara. A na biyu a rage masa iko, a kuma ɓoye sunaye da lambobin mutane na gaskiya. Amma na uku, a ganina, bai kamata kowa ya riƙa yawo da mabuɗinsa kullum ba, komai ƙwarewarsa. Ba zargin rashin amana ba ne. Gajiya da duhun dare ba sa barin gwani.

Wani zai ce ai injiniyan GitLab da izininsa ya shiga, kuma idan rumbu ya tsaya da tsakar dare, neman sa hannu ɓata lokaci ne. Maganar tana da ƙarfi, sai dai izinin shiga daban, izinin sharewa daban. Mai neman gano matsala yawanci karatu kaɗai ke ishe shi. Idan gyaran ya kai ga gogewa, a ba shi mabuɗin awa ɗaya ko biyu, a rubuta abin da ya yi, wani abokin aiki ya duba umarnin kafin a danna. Wannan jinkirin 'yan mintoci ne, alhali GitLab ya shafe kusan sa'o'i 18 a rufe. Abin da ya cece shi ma kwafin da aka ɗauka sa'o'i shida kafin haɗarin ne domin wurin gwaji, don yawancin sauran hanyoyin ajiyarsa sun gaza.