An ce an inganta sabis, sai ga shi ya ɗauke a cikin ɗaki

Ƙorafi ne da ake yawan ji a garuruwa irin Gazara da ƙauyukan Ikara da Kudan: da can mutum yana kwance a ɗakinsa yake amsa kira, yanzu sai ya fito tsakar gida yana ɗaga waya sama. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, sau da yawa hakan na biyo bayan zuwan ma'aikata ne, an ga sun hau ƙarfen sabis sun sauya na'urori, har alamar 4G ta bayyana a fuskar waya. Wasu su zargi wayar, wasu su zargi layin, a kashe kuɗi a banza. Galibi ba nan matsalar take ba.

Duk wanda ya taso da rediyo ya riga ya san rabin bayanin. Rediyon Tarayya na Kaduna, a matsakaicin zango, ana kama shi a can cikin daji, amma tashar FM, duk da muryarta ta fi fita tangaram, da ka yi nisa da gari sai ta fara shashsheƙa. Wayar salula ma rediyo ce, kuma kowane ƙarni nata da mitar da yake tafiya a kai. Lokacin da MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan 2001, a kan mita 900 da 1800 aka ɗora 2G. Ta 900 ɗin nan ita ce mai dogon zango, mai ratsa katanga, kuma ita ta riƙe karkara shekara da shekaru. 3G ta zo a kan 2100. Wani ɓangare na 4G yana kan 2600, ita kuwa 5G, wadda MTN da Mafab suka sayi lasisinta a Disambar 2021 kan dala miliyan 273.6 kowanne, tana kan 3500. Ƙa'idar ba ta canzawa: mita mai sama ta fi ɗaukar data da yawa cikin sauri, amma ba ta nisa, kuma bango yana cinye ta.

Ba wai 4G ba ta da mai dogon zango ba ne, akwai ta a kan 700 da 800. Sai dai ba kowane ƙarfe ake ɗora wa ita ba, ba kuma kowace waya ke kama ta ba, musamman tsofaffi da masu araha.

To, mitar nan kaya ce mai tsada, kuma ƙayyadadda. Idan kamfani yana son faɗaɗa 4G, yakan yanki wani kaso daga rabon 2G ko 3G ya ba ta. Injiniyoyi kuma kan sunkuyar da kan eriya ƙasa kaɗan, ko su juya fuskarta inda jama'a suka fi yawa, wato kasuwa da tasha da bakin titi. A lissafinsu an ci riba: mai POS a kasuwar Makarfi ya samu sauri, matafiyi a Tashar Yari yana kallon bidiyo ba tsaiko. Wanda gidansa ke can ƙarshen inda sabis ke kaiwa, shi ne aka janye wa tabarma, kuma ba wanda ya sanar da shi. A ganina nan ne kamfanoni suka gaza. Sauyin fasaha dole ne, Amurka ma ta rufe 3G ɗinta a 2022, amma can an yi ta shelar ranar tun da wuri.

Gidajenmu ma sun canza, kada mu manta. Rufin ciyawa da azara ba sa tare sabis kamar kwano da dakin mai rodi. Mutum ya sayar da rake ya yi sabon gini, ya kuma rufe kansa da ƙarfe. Da damina kuma, idan bishiyoyi suka cika da ganye, gonaki suka rufe, ɗan abin da ke isowa ya ƙara raguwa.

Akwai wata alama da ke rikita mutane: WhatsApp yana tafiya, amma masu kira suna cewa wayarka a kashe take. Dalili shi ne 4G don data aka gina ta. Idan kira ya shigo, wayar da ba ta da tsarin VoLTE, wato kira ta kan 4G, sai ta sauko 3G ko 2G ta amsa, in kuwa waɗannan sun yi rauni a unguwarku, kiran ya faɗi a hanya.

Ba kowace ɗaukewa ce daga gyara ba. Man janareto kan ƙare, ɓarayi kan kwashe batura, masu aikin titi kan tsinke wayar da aka binne a ƙasa. A 2021 ma gwamnati ce da kanta ta sa aka katse sabis a wasu sassan jihar Kaduna saboda 'yan bindiga. Bambancin shi ne irin wannan tana shafar kowa, ciki da waje, sannan ta dawo. Ta gyara kuwa tana zama daram, kuma cikin ɗaki ta fi ci.

Kafin ka sayi sabuwar waya, shiga saitin wadda ke hannunka ka mayar da ita 2G kaɗai, ka gani ko kira zai shiga. Ka sa layinka a wayar maƙwabci, ka sa nasa a taka, nan take za ka gane mai laifi. Na'urar ƙara ƙarfin sabis da ake tallatawa kuwa, ka bar ta a kanti: Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gargaɗin cewa kamfanoni masu lasisi ne kaɗai aka yarje wa kafa ta, domin tana dagula sabis ɗin maƙwabta.

Idan ta tabbata daga ƙarfen ne, ka kira 300 ka kai wa kamfaninka ƙara, ka faɗi sunan gari da unguwa da lokacin da abin ya fara, ka kuma karɓi lambar ƙorafi. In ba su gyara ba, ka kira NCC a 622, kyauta ne, ka ba su lambar. Daidaita eriya ba babban aiki ba ne, amma ba a turo injiniya saboda mutum ɗaya. Masu unguwanni da ƙungiyoyin matasan Gazara, ku tattara sunayen unguwannin da abin ya shafa, ku kai kuken a tare.