Zari-rugan 'yan bakwai da matasan arewacin Kamaru

A garin Melrose na ƙasar Sikotlan, a shekarar 1883, wani yaron mahauci mai suna Ned Haig ya ba ƙungiyarsu ta ƙwallon zari-ruga shawarar yadda za ta fita daga rashin kuɗi: a rage 'yan wasa daga 15 zuwa 7 a kowane ɓangare, a gajarta lokaci, a tara ƙungiyoyi su kara a wuni guda, jama'a su biya su kalla. Yau ana buga wasan a minti 14, bakwai kafin hutu bakwai bayansa, kuma tun 2016 yana cikin gasar Olamfik. Ra'ayina shi ne wannan wasa, da aka ƙirƙira don masu ƙaramin ƙarfi, ya dace da makarantun arewacin Kamaru, daga sakandaren Mokolo zuwa jami'o'in Marwa, Garwa da Ngaundere, fiye da yadda masu tsara wasanni ke zato.

Hujjar tana cikin tarihin gwanayen wasan. Wasu daga cikinsu ba su tashi da shi tun suna yara ba, makaranta ce ta horar da jikinsu a wani fage, sannan zari-ruga ya ɗauke su da girmansu. Carlin Isles ɗan tsere ne a jami'ar Ashland ta Amurka, sai a 2012 ya fara wasan, bayan shekara huɗu yana filin Olamfik a Rio. Perry Baker ƙwallon Amurka ya buga a jami'ar Fairmont, ciwon gwiwa ya hana shi zama a ƙungiyar Philadelphia Eagles, ya juyo nan har aka zaɓe shi gwarzon duniya a 2017 da 2018. Ilona Maher tana da shekara 17 ta fara, ta goge a jami'ar Quinnipiac, tana kuma cikin matan Amurka da suka ci tagulla a Faris a 2024. Dalilin a fili yake: filin bai ragu ba, tsawonsa mita 100, amma mutum 14 kacal ke cikinsa, don haka gudu da dogon numfashi da iya kayar da mutum sun fi ƙiba da tsohuwar ƙwarewa amfani. Duk wanda ya san yaran tsaunukan Mandara, masu hawa da sauka da kaya a kai tun suna ƙanana, ko ya taɓa tsayawa a dandalin kokawa bayan kaka, ya san ba a rasa waɗannan abubuwa uku a nan ba.

Mai musu zai ce Amurka ce, ga kuɗi ga filaye. To, a dubi Kenya. Can jami'o'i ne suka riƙe wasan, da ƙungiyoyi irin su Mean Machine ta jami'ar Nairobi da Blak Blad ta jami'ar Kenyatta, waɗanda suka taimaka wajen fitar da shi daga hannun Turawa 'yan kulob zuwa hannun 'yan ƙasa. A 2016 Kenya ta lallasa Fiji da ci 30 da 7 a wasan ƙarshe na Singafo, da Collins Injera a sahun gaba. Yayansa Humphrey Kayange, masanin kimiyyar sinadarai ne kuma tsohon kyaftin, ya zama ɗan kwamitin Olamfik na duniya a 2021. Ita kanta Fiji, wadda ta ci zinare a Rio da Tokyo, jama'arta ba su kai miliyan ɗaya ba, alhali ƙidayar 2005 ta ba jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru fiye da miliyan 3. Kamaru ma ba baƙuwar wasan ba ce: Serge Betsen, haifaffen Kumba, ya buga wa Faransa sau 63, sai dai a Faransa aka horar da shi, kuma wannan shi ne abin takaicin.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta ƙasa da rauni, kuma ba ta wasa ba ce. Filin makaranta a Mokolo da rani tsakuwa ce da ƙura, wanda aka maka a kai ba zai tashi da fatar gwiwa ba, buguwar kai kuwa haɗari ce ta gaske ko a kan ciyawa. Amma akwai salon da ake koyar da yara da shi a ko'ina, inda ba a kayarwa, ana fizge ƙyallen da ke ɗaure a ƙugun mai ƙwallo ne kawai, shi ke nan an tsayar da shi. Da wannan ake koyon jefa ƙwallo baya, da buɗe fili, da bin bayan abokin wasa, a kan kowace irin ƙasa, kuma iyayen 'yan mata za su fi sakin jiki da shi. Kayarwa sai an girma, a kan ciyawa, a gaban mai horarwa da ya san ya fitar da yaron da ya bugu a kai ko da yaron ya rantse lafiyarsa ƙalau.

Batun cewa ƙwallon ƙafa ya cinye zukata, musamman a Garwa, garin ƙungiyar Coton Sport, gaskiya ne, amma mutum 11 yake ɗauka, ya bar ɗaruruwa a bakin fili. Jami'ar Marwa ta 2008 ce, ta Garwa kuwa ta 2022, al'adunsu na wasa ba su gama kafuwa ba, kuma ƙungiyar zari-ruga ta mutum 12, har da 'yan canji, da mai horarwa mota ɗaya ta ishe su. Tsakanin Mokolo da Marwa kimanin kilomita 80 ne, ana iya tafiya da asuba, a buga wasa uku, a kwana a gida.