Wankin Ƙoda Ba Dare Ba Rana: Inda Gizo Ke Saƙar

Duk manomin ranin da ya taɓa tayar da injin ban ruwa a fadamun Kazaure ya san wannan: idan bakin mesa ya kafe a laka, sai injin ya kama tari, mesa ta lotsa, ruwa ya yanke, alhali ga mai cike da tanki. Haka take faruwa a gefen gadon majinyacin da ake yi wa wankin ƙoda ba tsayawa, sai dai a nan jinin ɗan Adam ne a cikin mesar.

Wankin da aka saba yi, irin na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kimanin awa 4 yake ɗauka, kuma da ƙarfi injin ke jan jini. Wanda ke kwance rai a hannun Allah, bugun jininsa ya yi ƙasa, ba zai jure wannan fizga ba. Shi ya sa a 1977 wani likitan Jamus, Peter Kramer, ya fito da dabarar tace jini sannu a hankali, awa 24 a jere. Injinan yau kan ja mililita 150 zuwa 250 a minti ɗaya, ta wani siririn tiyo mai hanya biyu da ake zurawa cikin babbar jijiya.

A wannan tiyon gizo ke saƙar. Majinyaci ya yi tari ko ya karkata wuya, tiyo ya lanƙwashe. Idan a matsematsi aka sa shi, naɗe ƙafa kawai ya isa ya toshe hanya. Idan kuwa ruwan jiki ya ƙare, jijiya kan yi laushi, bakin tiyo ya tsotso bangonta, kamar dai mesar nan da laka. Nan take injin zai yi ƙara ya tsaya. Jinin da ya tsaya kuma ba ya jira, daskarewa yake yi a cikin matatar injin. Matatar da aka yi don ta kai awa 72 sai ta mutu a dare ɗaya, ta tafi da jinin da ya haura mililita 150, daga jikin wanda dama jinin bai ishe shi ba. Kafin a haɗa sabuwa, guba na ci gaba da taruwa. Dalilin ke nan da ƙa'idojin duniya na 2012 kan ciwon ƙoda suka fifita sa tiyon a jijiyar wuya ta dama, domin hanyarta a miƙe take zuwa zuciya.

Akwai magungunan hana daskarewa, amma kowanne da sharaɗinsa. Hefarin na tsinka jinin jiki gaba ɗaya, to yaya za a yi da mai jegon da ta zubar da jini, ko manomin da kububuwa ta sara? Sitiret ya fi aminci, don a cikin tiyo kaɗai yake aiki, sai dai yana kame sinadarin kalshiyam, dole a riƙa auna jini a kai a kai ana mayar da abin da ya ragu.

Saboda haka ina roƙon mahukunta: kada a tsaya ga sayen injin a yanka kirtani. A horar da nas ɗin da za ta ji ƙarar injin da ƙarfe 3 na dare ta gane wuya za ta gyara ko ruwa za ta ƙara. A tanadi wutar da ba ta ɗaukewa, da matatun canji, da ɗakin gwajin da ba ya rufewa.

Mu kuma na Karkarna, Roni, Gwiwa da Babura, namu aikin tun daga gida yake farawa. Amai da gudawa, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, jijjiga da zubar jini wajen haihuwa, su ne kan durƙusar da ƙodar da jiya lafiyarta ƙalau. Alamar a fili take: baligin da fitsarinsa na yini da kwana bai cika ledar fiya wata ɗaya ba, ƙodarsa na neman agaji. A ba mai gudawa ruwan gishiri da sukari, a daina ɗura masa jiƙo da magungunan ciwon jiki na kan tebur, a nemi mota a ranar, kada a bari sai gobe. Irin wannan ƙodar sau da yawa tana farfaɗowa sarai, in dai an iso asibiti jijiyoyi ba su bushe ba.