Jirgin rimot mai injin fetur: Yadda ake tayar da shi ba tare da an rasa yatsa ba

Daga wakilinmu a Yamai

A shekarar 2016, lokacin da rikicin Boko Haram ya cika jihar Diffa da 'yan gudun hijira, hukumar UNHCR ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buƙaci taswirar sansanonin Sayam Forage da Kablewa. Jirgi maras matuƙi da ya ɗauko mata hotunan daga sama, mai suna T-800 M, ba daga Turai aka kawo shi ba. Wani matashi ɗan Nijar, Abdoul Aziz Kountché, wanda ya kafa kamfanin Drone Africa Service a Yamai, shi ya ƙera shi, kuma daga sha'awar ƙananan jiragen rimot ya faro.

Duk matashin da ya bi wannan sawu, ba ya daɗewa yake cin karo da matsalar batir. Yawancin ƙananan jiragen da ake sayarwa a kasuwa, minti 20 zuwa 40 suke yi a sama su sauko. A ƙasar da faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 1.267, wannan ba ya kai mutum ko'ina. Kilo ɗaya na fetur, ko esansi kamar yadda ake ce masa a Yamai, yana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na kilo ɗaya na batirin litiyam kusan sau 50. Ko da yake inji yana ɓarnatar da mafi yawansa a zafi, abin da ya rage ya isa ya riƙe jirgi sa'o'i a sama.

Shi ya sa mai son babban jirgi, wanda faɗin fikafikansa ya kai mita biyu zuwa uku, yakan koma ga injin fetur. A nan kuma wasa ya ƙare.

Me ya kawo giya tsakanin inji da farfela?

Injinan da ake ɗora wa irin waɗannan jirage dangin injin yankan itace ne da ƙaramin janareton da ake gauraya wa fetur da mai. Ɗaya daga cikin sanannu shi ne Zenoah G62 na ƙasar Japan, mai girman cc 62. Irinsu ba sa ba da cikakken ƙarfi sai sun yi juyi wajen 7,000 a minti ɗaya.

Ita kuwa babbar farfela ba ta son wannan gudu. A ɗauki farfela mai tsawon santimita 80. Idan ta juya sau 7,000 a minti, bakinta yana tafiyar kusan mita 290 a daƙiƙa, alhali sauti kansa mita 340 yake yi. A wannan gudun sai ƙara ta yi yawa, tunkuɗa ta ragu, man ya tafi a banza.

Maganin shi ne abin da kowane mai injin markaɗe ya sani: ƙaramin fuli a jikin inji, babban fuli a ɗaya ɓangaren, bel a tsakani. Haka sarƙar babur ɗin ɗan kabu-kabu take aiki. Inji ya yi ta gudunsa, farfela ta juya a hankali amma da ƙarfi. Idan ragin 2.8 ne, juyi 7,000 na inji zai koma 2,500 a farfela, bakinta ya sauko zuwa kusan mita 105 a daƙiƙa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Jirgin da 'yan'uwan nan biyu, Orville da Wilbur Wright, suka tashi da shi a Amurka ranar 17 ga Disamba, 1903, da sarƙa irin ta keke aka haɗa injinsa mai ƙarfin doki 12 da farfelolinsa biyu, don a rage musu gudu.

Inda haɗarin yake

A injin da farfela ke ɗaure kai tsaye, mai jirgi yakan ɗaura ta yadda fistin zai matse iska daidai inda hannunsa zai ji daɗin bugawa. Kullum a wuri ɗaya yake samun ta.

Da an saka giya, lissafi ya canja. Juyi ɗaya na farfela yana sa fistin ya matse iska kusan sau uku, kuma ba a wuri ɗaya ba. Da ragin 2.8, sai farfela ta zaga sau biyar, inji ya zaga sau 14, kafin matsin ya dawo inda aka fara. Wanda ya kai hannu da ka, yana zaton ya san inda taurin yake, shi ne farfela ke shammata.

Na biyu, taurin da hannu ke ji ya ninka gwargwadon ragin. Bugun da bai yi ƙarfi ba yakan tsaya kafin fistin ya haye, wuta ta kama, injin ya buga baya. Duk wanda kik ɗin babur ya taɓa dawo masa a ƙafa ya san abin da ake nufi. Bambancin kawai, a nan abin da ke dawowa falle ne na katako ko kabon mai kaifi, kuma yatsu ne a gabansa.

Giyar tana da nata alherin. Injin da ke samar da wutarsa da maganaɗisu yana buƙatar juyi mai sauri kafin fulogi, ko buji, ya ba da tartsatsi. Tunda giya na ninka saurin bugun hannu kafin ya isa inji, bugu ɗaya mai kyau yakan wadatar.

Mataki-mataki

Tsarin da masu harkar suka saba bi ba shi da tsawo, tsallake shi ne ke jawo nadama.

Da farko a ɗaure jirgin ta wutsiya a jikin turke, ko wani ya riƙe shi da kyau daga baya. A kunna rimot kafin komai, a tabbatar totur yana ƙasa, kuma makashin inji yana aiki. A duba bel: idan ya yi sako-sako zai tsallake haƙora, idan ya yi tauri da yawa zai cinye boris. A taɓa kowane ƙusa na farfela.

Sai a kashe wutar inji, a rufe cok, a juya farfela a hankali har mai ya iso kafireto. A lokacin ne ake laluben inda matsin yake, a tsayar da farfela dab da shi, a wurin da hannu zai wuce ya fita.

Daga nan a kunna wuta, a sa safar hannu mai kauri ko a yi amfani da sanda mai roba a baki, a buga da ƙarfi, hannu ya fice gaba ɗaya. Idan injin ya yi tari sau ɗaya, a buɗe cok a sake bugawa. Idan mai ya yi masa yawa, kada a dage: a kashe wuta, a cire fulogi, a busar da shi. Injin da ya sha mai ya ƙoshi shi ya fi buga baya.

Da ya tashi, a zaga ta baya. Ba a gyara kafireto ta saman farfela mai juyawa, ba a kuma barin yara su tsaya a gefenta, domin idan falle ya karye ta nan yake fita. Mai hali ya saka sitata mai juya injin ta nasa ɓangaren, ya huta da kai hannu.

Zafi, ƙura da man kwalba

Littafin da ke zuwa da injin bai san Yamai ba. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40. Iska mai zafi ba ta da nauyi, don haka inji yana rasa ƙarfi, man ya yi masa yawa, ga shi kuma yana saurin ɗaukar zafi idan aka bar shi yana aiki a ƙasa. Da sassafe ya fi dacewa a tashi.

Ƙurar hunturu kuwa tana cin fistin da bel kamar sanfefa, saboda haka matatar iska ta zama dole. Man bakin titi da ake sayarwa a kwalba yana buƙatar tacewa, domin ƙofofin kafireton ba su fi bakin allura ba. Gaurayen mai kuma a bi abin da kamfanin injin ya ce: idan 1 cikin 40 ne, mililita 25 ke nan a kowace lita ta fetur.

Sai batun doka. A halin tsaron da Sahel ke ciki, duk abin da ya tashi sama ana sa masa ido. Filin jirgin Diori Hamani da sansanin sojan sama na 101 suna nan a gefen gari. Kafin a tashi da babban jirgi, a nemi izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, ANAC, kuma a nisanci waɗannan wurare. Shi kansa jirgin Kountché da izinin gwamnati ya yi aiki a Diffa.

Hannun da zai yi aikin akwai shi. A kasuwar Katako ana narka alminiyom a zuba tukwane, makanikan babur kuma sun san bel da boris kamar yunwar cikinsu. A Kano ma, a 2007, wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic, har ya ɗaga ƙafa bakwai daga ƙasa.

Ga 'yan'uwa mazauna waje da ƙannensu ke roƙo a aiko musu da inji: a haɗa da bel na sauyi, farfela biyu, matatar iska da safar hannu mai kauri. Farfela idan ta karye ana sayen wata. Yatsa kuwa ba a sayar da shi a Katako.