Shin Ko Kun San? Ja da Bayan Sojan Jamus, Daga Mosko Zuwa Dutsen Mora

Shin ko kun san hunturun da ke sa mutanen Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi kwana a gindin murhu, wasan yara ne in an gwada shi da wanda ya tarye sojan Jamus a bakin Mosko? A Disambar 1941 ma'auni ya faɗi ƙasa da sifiri da daraja 30 har da ɗoriya. Mai ya daskare a injin tankoki, bindigogi suka ƙi tashi, ga sojoji da kayan damina, domin Hitila ya ɗauka kafin sanyi ya shigo an gama da Rasha. Ranar 5 ga Disamba Rashawa suka juyo musu.

A Istalingirad abin ya fi muni. An yi wa runduna ta 6 ta Jamus ƙawanya, ta miƙa wuya a farkon 1943. Cikin kusan 91,000 da aka kama, waɗanda suka sake ganin gida ba su wuce 6,000 ba.

To, ko kun san an yi makamancin wannan a maƙwabtanmu, kuma da kakanninmu aka yi? Kamaru tana ƙarƙashin mulkin Jamus ne lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A Agustan 1914 Kyaftin Ernst von Raben ya bar garin Mora, can kusa da iyakar Borno, ya haye dutse da mutum kamar 200, akasarinsu baƙar fata. Sojan Nijeriya, waɗanda Hausawa suka yi yawa a cikinsu, suka haɗu da na Faransa suka zagaye shi.

Shi ba ƙanƙara ce ta dame shi ba, yunwa ce da ƙishirwa. Hunturu biyu ya yi a kan dutsen nan, sai da suka cinye dawakansu da jakunansu. Harsashi ya same shi a ka a 1915, bai sauko ba. Garwa ta faɗi a Yunin 1915, Yawunde ta bi baya ranar 1 ga Janairun 1916, babbar rundunar Jamus ta tsallaka Gini ta Sifaniya. Aka bar Raben shi kaɗai, sai 18 ga Fabrairun 1916 ya aje makami.

Sharaɗinsa ne ya fi burge ni: a bar sojojinsa baƙar fata su koma gida lafiya, a kuma ba shi fam 2,000 ya biya su albashinsu. Turawan Ingila suka yarda.

Wani sojan da aka kama a Garwa yana yi wa Jamus yaƙi, Chari Maigumeri, daga baya ya shiga rundunar Nijeriya, ya kai Saja Manjo, har Bama ya je a Yaƙin Duniya na Biyu. Sunansa ne barikin soja na Lakwaja ke ɗauke da shi.