Mazaɓar Gusau ta Tarayya: Yadda Aka Kafa ta da Yadda ta Shuɗe

Matasa da yawa sun ɗauka cewa tun fil azal Gusau da Tsafe wakili ɗaya suke turawa Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ba haka abin yake ba. Na ga lokacin da Gusau take mazaɓa mai zaman kanta, domin ina cikin aikin gwamnati a tsohuwar Jihar Sakkwato sa'ad da aka yi hakan.

Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, Tsafe da Bunguɗu gundumomi ne a ƙarƙashin Gusau. Daga baya, a zamanin Janar Ibrahim Babangida, kowace ta samu ƙaramar hukumarta. Tsarin Jamhuriya ta Uku kuwa ya tanadi kowace ƙaramar hukuma ta zama mazaɓa guda, shi ya sa kujerun majalisar suka kai 593. Saboda haka a zaɓen 4 ga Yuli, 1992, wanda NRC da SDP suka fafata, Gusau da Tsafe da Bunguɗu kowace ta zaɓi nata wakilin. Abin da na fi tunawa shi ne kusancin wakili da jama'arsa. Mutumin ƙauye ya san gidan da zai kai kukansa.

Wannan tsari bai yi tsawon rai ba. A watan Nuwamba na 1993 Janar Sani Abacha ya rushe majalisar, mazaɓar Gusau ta tafi tare da ita. Bayan ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, Tsarin Mulki na 1999 ya ƙayyade kujeru 360, aka ba Zamfara bakwai ga ƙananan hukumomi 14. Dole aka yi haɗe-haɗe: Gusau da Tsafe, sannan Bunguɗu da Maru. Huɗun nan su ne mazaɓar Sanatan Zamfara ta Tsakiya.

Sashe na 73 na Tsarin Mulki ya ɗora wa hukumar zaɓe sake duba iyakokin mazaɓu lokaci-lokaci, musamman bayan ƙidayar jama'a. Gusau ta zama babban birnin jiha, ta cika ta batse, amma rabon 1999 bai canja ba. Duk ranar da aka zauna sake shata iyaka, ya kamata mutanen garuruwan nan uku su zo da wannan tarihi a hannu.